Nicholas Saunderson: makahon da ya karantar da masu ido ilimin haske

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a yawancin harkokin duniya maganar haka take. Amma akwai wani mutum a tarihi da rayuwarsa ta isa ta sa a sake auna wannan karin magana. Sunansa Nicholas Saunderson, Bature ne ɗan ƙasar Ingila, ya rayu daga 1682 zuwa 1739. Idanunsa sun tafi tun yana goye, bai tashi da tunawa da ko ɗigon haske ba. Duk da haka ya yi shekara sama da 30 a jami'ar Kambirij yana koya wa samari masu lafiyayyen ido yadda haske ke tafiya, yadda madubi ke mayar da hoto, da dalilin da ya sa launukan bakan gizo ke fitowa a jere.

Tarihin nan ya shafe mu. A Parakou da Djougou, kamar sauran zangunan Hausawa, in aka haifi yaro makaho sau da yawa an gama yanke masa hukunci tun bai yi wayo ba. In ya yi sa'a a kai shi wajen malam ya yi hadda, in bai yi ba a haɗa shi da ƙoƙon bara da ɗan jagora. Karatun boko kuwa, balle lissafi da kimiyya, ba a ma kawo shi a rai. To, ga labarin wanda aka bai wa dama, mu ga inda ya kai.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haife shi a watan Janairu na 1682 a wani ƙauye mai suna Thurlstone, kusa da garin Penistone, a yankin Yorkshire da ke arewacin Ingila. Mahaifinsa ma'aikacin karɓar haraji ne, ba wani mai dukiya ba. Yana da kimanin shekara ɗaya agana ta kama shi, ta cinye ƙwayar idanun gaba ɗaya. Dattawanmu da suka riski agana kafin a bayyana kawar da ita daga duniya a 1980 sun san irin ɓarnar da take yi wa fuska da ido.

Wannan ne ya sa masana ke ɗaukarsa tamkar wanda aka haifa makaho. Wanda ya makance yana ɗan shekara goma yana da ajiya a kansa, ya san jan barkono, ya san farin wata. Shi Saunderson ba shi da wannan ajiya ko kaɗan.

A zamaninsa babu rubutun makafi. Louis Braille, Bafaranshen da ya tsara rubutun nan mai ɗigo shida, sai a 1809 aka haife shi. Mutanen Penistone suna ba da labarin cewa yaron ya koyi siffar haruffa ne ta shafa rubutun da aka sassaƙa a kan duwatsun kaburbura a harabar cocin garin. Abin da ya tabbata shi ne an sa shi makarantar garin, ya zauna tare da yara masu ido, ya koyi Latin da Girkanci da kunne, har ta kai ana karanta masa littafin Iƙlidis na ilimin siffofi da kusurwoyi cikin Girkanci yana bi. A gida kuma uban ya koya masa lissafi, ba a jima ba yaro ya soma taya shi aikin haraji, yana haɗa dogayen lambobi da ka.

Da ya kai shekara 18 sai Allah ya haɗa shi da mutum biyu, Richard West da wani likita mai suna Nettleton. Su suka buɗe masa ƙofar aljabara, suka samo masa littattafai, suka riƙa zama suna karanta masa. A lura da wannan da kyau: ba a gina masa wata makaranta ta musamman ba. Uba ne da bai fid da rai ba, da makarantar da ba ta kore shi ba, da mutanen da suka ba da lokacinsu.

Allon da ya ƙera wa kansa

Komai kaifin ƙwaƙwalwa, dogon lissafi yana buƙatar inda za a ajiye lamba a dawo a same ta. Mai ido yana da takarda. Saunderson sai ya ƙirƙiro nasa allon. Katako ne sumul, an raba shi ƙananan gidaje, kowane gida da ƴan ramuka a tsare. Yana da fil iri biyu, mai babban kai da mai ƙaramin kai. Girman fil ɗin da ramin da aka soka shi su ke nuna ko lambar sifiri ce, ko uku, ko tara. Yana jera su layi-layi kamar yadda ɗan aji ke jera lambobi a littafinsa, ya shafa da yatsu ya karanta. Waɗanda suka gan shi sun ce hannunsa na gudu a kan allon da saurin da ke ba masu ido mamaki, kuma yana iya barin lissafi a tsakiya ya dawo daga baya ya ɗora.

Da allon nan kuma yake zane. Sai ya kafa fil a wurare, ya zagaya su da zaren siliki, ga alwatika ta fito, ga murabba'i, ga layuka biyu sun haɗu sun yi kusurwa. A riƙe wannan zare a rai, domin shi ne mabuɗin yadda ya fahimci haske.

Zuwansa Kambirij

A 1707, yana da kimanin shekara 25, wani abokinsa ɗalibi mai suna Joshua Dunn ya tafi da shi Kambirij. Ba shi da kuɗin shiga jami'a, ba shi da takardar shaidar komai. Kwalejin Christ's ta ba shi ɗaki, ta bar shi ya yi amfani da ɗakin karatunta. Babban malamin lissafi na lokacin, William Whiston, ya yarda ya buɗe ajinsa na kansa.

Abin da ya zaɓa ya karantar shi ne sabon ilimin Isaac Newton, wanda a lokacin ko malamai kaɗan ne suka gane shi: tafiyar taurari, hawa da saukar ruwan teku, sauti, da kuma haske da launi, wanda littafin Newton a kansa bai daɗe da fitowa ba, a 1704. Da farko wasu sun zo ne don kallo, wai makaho zai yi bayanin launi. Da suka ji karatun sai suka zauna. Ajinsa ya cika.

A 1710 jami'a ta sallami Whiston saboda ra'ayinsa a kan aƙidar Triniti ya saɓa wa na cocin Ingila. Kujerarsa, wadda ake kira kujerar Lucas, ita ce Newton da kansa ya zauna a kai kafin shi. Dokar jami'a ba ta bari a naɗa marar digiri, sai Sarauniya Anne ta ba da umarni aka ba Saunderson digiri a watan Nuwamba na 1711, washegari aka zaɓe shi. Shi ne mutum na huɗu da ya hau wannan kujera, wadda a zamaninmu Stephen Hawking ya riƙe daga 1979 zuwa 2009. A 1718 aka shigar da shi Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, a 1728 kuma Sarki George na Biyu ya ziyarci Kambirij ya sa aka ba shi digirin dakta.

To, yaya makaho ke sanin haske?

A nan ne mutane ke tsayawa. Amsar ita ce abin da muke kira sanin haske kashi biyu ne. Akwai abin da ido ke ji idan haske ya shige shi, wannan sai mai ido. Akwai kuma dokokin da haske ke bi, su kuwa na hankali ne, kuma kusan dukan ilimin haske a kansu ya tsaya.

Doka ta farko: haske a miƙe yake tafiya. Wanda ya taɓa ɗaure zare ya ja shi ya san miƙaƙƙen layi, ko yana gani ko ba ya gani. Daga nan inuwa ba ta da wuyar ganewa. Makaho ya san ta da fatarsa, yana tafe cikin zafin rana sai ya ji sanyi ya sauko masa, ya san ya shiga ƙarƙashin mangwaro. In ka gaya masa layi ne daga rana zuwa jikinsa itace ya tare, ya gama fahimta.

Ta biyu: idan haske ya bugi abu mai santsi yakan koma da irin kusurwar da ya zo da ita, kamar ƙwallon da aka buga a bango a karkace. Aikin madubi ke nan. Kuma daga nan ake gane sheƙi. Abu mai santsi yana mayar da haske waje guda, mai kaushi yana watsa shi ko'ina. Dubi shadda: kafin a kai ta mabuga da bayan an buge ta launinta ɗaya ne, amma dukan ya kwantar da zarenta, sai ta ɗau ƙyalli. Makahon da ya shafa ƙyalle biyu a kasuwar Arzeke zai iya gaya maka wanda ya fi sheƙi, domin santsin da yatsa ke ji shi ne dalilin ƙyallin da ido ke gani.

Ta uku: akwai abin da haske ke ratsawa, akwai wanda ke tare shi. Makaho ya san murya tana ratsa zana amma katangar laka tana danne ta. Ya san ɗumin rana yana shigowa ta gilashin taga ko a rufe take, amma ƙyauren katako na tare shi. Saboda haka in aka ce masa gilashi da ruwa mai kyau ana gani ta cikinsu, maganar tana da inda za ta zauna a kansa.

Ta huɗu: idan haske ya fita daga iska ya shiga ruwa ko gilashi yakan karya hanya, shi ya sa ludayi a cikin ruwa yake zama kamar ya karye. Newton ya nuna cewa farin hasken rana haɗin launuka ne, kuma kowane launi da gwargwadon karyewarsa: ja ya fi kowane ƙarancin karyewa, shunayya ta fi kowane yawa. Bakan gizo ke nan: rana a bayanka, ruwa a gabanka, kowane ɗigo yana karya hasken ya mayar da shi, ja ya iso idonka a kusurwar kimanin digiri 42, shunayya a kimanin 40. Duk wannan layuka ne da kusurwoyi da lambobi, abin da Saunderson ke shimfiɗawa a allonsa da fil da zare.

Masanin falsafa Thomas Reid, ɗan Sikotilan, ya gana da shi a Kambirij a 1736, daga baya ya rubuta cewa ya fahimci ƙa'idojin da masu zane ke bi su nuna nesa da kusa a kan shafi. Dalilin a fili yake: ja zare biyu daga ido, ɗaya zuwa kan mutum ɗaya zuwa ƙafarsa, duk sadda mutumin ya yi nisa sai tsakanin zaren ya tsuke. Shi ya sa na nesa ke zama ƙarami. Edmund Burke kuma a 1757 ya lura cewa a wajen Saunderson kalmomin ja da shuɗi da kore suna tsayawa ne a matsayin matakan karyewar haske, kuma hakan ya ishe shi ya yi karatu ba kuskure.

Iyakar da bai tsallake ba

Sauran gaɓoɓinsa sun horu ƙwarai. An ruwaito cewa ya tantance tsoffin kuɗin Rumawa na gaske daga na jabu da yatsa, bayan sun ruɗi masu ido. Yana gane girman ɗaki daga amon muryarsa. In ana duban rana a lambun kwaleji, yana sanin sadda gajimare ya gifta. In iska ta kwanta yana jin ya zo kusa da itace. Kuma ya iya busa sarewa.

Amma launi ya gagare shi. A zamaninsa ana yawan labarin makafi masu gane launi da taɓawa. Ya gwada, ya sake gwadawa, ya ƙare da cewa abin ba mai yiwuwa ba ne. Bai yi irin ta wanda ya rasa ido ya ce ido na wari ba, bai kuma yi da'awar abin da ba shi da shi ba. Ya san iyakarsa, ya yi aiki da abin da ke hannunsa.

Iyalinsa, halinsa da rasuwarsa

Ya zauna a kwaleji har 1723, sannan ya kama gida ya auri Abigail Dickons, ƴar limamin cocin wani ƙauye mai suna Boxworth kusa da Kambirij. Sun haifi ƴaƴa biyu, namiji da mace. An ce yakan yi awa bakwai ko takwas a yini yana karantarwa. Ba mutum ne mai sanyi ba. Bakinsa da kaifi, ba ya rufa wa kowa in ya ga wauta, wannan ya jawo masa maƙiya. Masoyansa ma ba su ɓoye wannan ba da suka zo rubuta tarihinsa.

Bai buga littafi ko ɗaya ba yana raye, karatunsa a littattafan ɗalibai ya riƙa yawo. Sai da ya yi wata rashin lafiya abokansa suka matsa masa ya tattara iliminsa. Ya rasu ranar 19 ga Afrilu 1739 yana da shekara 57, bayan fama da ciwon da yau aka san rashin bitamin C ke kawowa. An binne shi a cocin Boxworth. Littafinsa na aljabara ya fito a 1740 cikin juzu'i biyu, ɗauke da tarihinsa da bayanin allonsa, wani kuma a kan lissafin Newton ya biyo baya a 1756.

Ƴaƴanmu masu karatu da Faransanci za su iya cin karo da sunansa a darasin falsafa. A 1749 Denis Diderot ya rubuta wata wasiƙa a kan makafi, ya sa wa Saunderson doguwar magana a baki, wai a gadon mutuwarsa yana shakkar samuwar Mahalicci tunda bai ga halitta ba. Masana tarihi sun yarda cewa Diderot ne ya ƙaga maganar don ya isar da nasa ra'ayin, kuma a shekarar aka tsare shi a kurkukun Vincennes. A karanta, amma a san ba Saunderson ne ya faɗa ba.

Binciken zamani ya gaskata shi

Wani zai ce ai wannan baiwa ce ta mutum ɗaya. Baiwar lissafi kam tasa ce, amma hanyar ta kowane makaho ce. A jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Marina Bedny da abokan aikinta sun gwada manya da aka haifa makafi. A 2019 suka nuna cewa suna bambanta kalmomin haske kamar yadda masu ido ke yi, sun san wanne ne mai ƙarfi, wanne ne mai zuwa yana ɗaukewa. A Hausance, sun san walƙiya daban, ƙyalƙyali daban, hasken fitila daban. A 2021 suka nuna cewa ko da makaho bai riƙe launin kowane abu ba, ya san yadda launi ke aiki: ayaba biyu sukan zo launi ɗaya, motoci biyu kuwa ba dole ba, don su fenti aka yi musu.

Daga ina suka samo wannan? Daga maganar mutane. Yaron da ya tashi yana jin ana cewa ja wur, fari fat, baƙi ƙirin, kore shar, yana jin a kan me ake faɗa da kuma yaushe, hankalinsa yana gina ma'ana. Ka ga ashe ji ma yana da rabonsa.

Abin da ya rage gare mu

Mu ba baƙin malamai makafi ba ne. Abdullahi ɗan Ummu Maktum ladani ne a Madina, Ƙatada na Basra makaho aka haife shi ya zama jigo a tafsiri, ga Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji, wanda ya rasu a 1990. Mun yarda makaho zai iya haddace Alƙur'ani, har mu bi shi salla. Inda muke tsayawa shi ne ƙofar lissafi da kimiyya, kuma tarihin Saunderson ya nuna mu muka rufe ta.

Ga iyaye: a fara da kai yaro asibiti, domin wata makantar ta yara, kamar yanar ido, ana yin aikinta. In ta tabbata ba ta da magani, kada a daina yi masa maganar abin da ake gani. A gaya masa launin rigarsa, a gaya masa hadari ya yi baƙi, a gaya masa hazo ya rufe rana, a miƙa masa gilashi da madubi da ƙwarya ya shafa a yi masa bayani. A nemi inda ake koyar da rubutun Braille, a sa shi makaranta.

Ga ƴan'uwana malamai: duk abin da ka rubuta a allo ka faɗe shi da baki. Kafintan unguwa zai iya yi maka katako da ƙusoshi a jere, ka samo zare ko roba, ga allon Saunderson ya samu, kuma masu idon ma za su fi gane kusurwa in sun taɓa ta da hannu.

Jami'ar Parakou tana nan tun 2001, ƴaƴan maƙwabtanmu suna shiga suna fita. Babu abin da ya hana yaron da yau ake ja da sanda a bakin masallaci ya shiga, sai in mu ba mu kai shi ajin farko ba. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma wannan duhun da hannunmu ake yaye shi. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke kanmu.